Saura Kashi Uku

A Shara Mansur, hawa na huɗu,
fanka na juya zafi kamar mai tuƙa tuwo.
Ƙarfe biyun dare. Duk ɗakin ya yi barci,
ban da ni da 'yar tagar nan ta tafin hannuna.

Babban yatsana ya san hanya
kamar jakin da ya saba da rijiya:
sama, sama, sama.
Wata na koyar da dambun nama,
wani ya faɗo daga babur ana shewa,
kyanwa ta tsorata da kokwamba.
Ba dariya na zo nema ba.
Gudu nake yi a kwance.

Da rana keken tsofaffi nake turawa
tsakanin Safa da Marwa.
Da an sallame, lasifika ta gyara murya:
a yi salla ga mamata.
Sau biyar a yini, Makka ba ta fashi.
Ana wucewa da su a kafaɗa, da sauri,
kamar za su makara.
Wani lokacin ƙunshi ne ɗan ƙarami,
mutum ɗaya ya rungumo shi.
Ni kuwa, kafin in ce innalillahi,
hannuna ya riga ni shiga aljihu.

Ga katifar Ukasha can, jingine da bango.
Shekara ashirin da huɗu.
Ba ciwo, ba haɗari.
Ya ci shinkafa da rabin kaza,
ya ce in tashe shi da asuba.
Na tashe shi.
Na tashe shi.
Na tashe shi.

Inda muka kai shi babu suna,
dutse ne kusa da dutse, kamar an shuka su.
Amma a wayata yana nan da sunansa,
da haƙorin nan nasa mai ɓalli,
da ganin ƙarshe: sha ɗaya da arba'in.
Saƙon muryarsa daƙiƙa tara ne:
"Kai, taho mini da ruwa mai sanyi."
Na ji shi ya fi sau ɗari.
Ban taɓa kai ruwan ba.

Tun daga ranar nake tsoron filo.
Barci ƙanin mutuwa ne, in ji manya,
to ni yayan da ƙanin duk ba na buɗe musu ƙofa.

Jiya na tura wata Hajiya Tasalla, mutuniyar Illela,
ba ta fi nauyin buhun gero rabi ba.
A zagaye na biyar ta waiwayo:
"Ɗan nan, hannu ɗaya kake tura ni.
Me kake tono a ciki, rijiya ce?"
Ta ce likkafaninta na cikin jaka,
ta wanke shi da zamzam, ta shanya a tagar masauki,
ta ninke shi ƙarƙashin dabinon tsaraba.
"Ni na haɗa kayana. Kai me ka haɗa?"
Na ce, "Caja."
Ta yi dariya har sai da carbinta ya faɗi.

Yanzu saura kashi uku.
Soket ɗin yana bayan katifar Ukasha,
wata huɗu ban taɓa ta ba,
a masauki nake satar wuta.

Biyu.
Wani na yanka sabulu a hankali.
Ɗaya.

Gilashin ya yi baƙi,
sai ga wani ya leƙo ni daga ciki:
idanu jajur, baki a buɗe,
ɗan ashirin da uku mai fuskar tsoho.

Shiru ya shigo ya zauna a bakin katifa.
Bai ce komai ba.
Ƙirjina ne ke ta ƙwanƙwasa,
ban san ko shiga ake nema ko fita ba.

Can ƙasa wani ya buɗe famfo,
takalmin roba na ja a kan bene.
Na tashi da ƙafafu biyu da ba su yarda da ni ba,
na ɗebo ruwa mai sanyi a kofi,
na tsaya da shi a tsakiyar ɗaki.